Lotus 49 ko Ferrari 312T? Ɗauki mai injin Cosworth

Ɗan'uwa, tsakanin ƙananan motocin adon nan biyu, kwaikwayon motocin tseren Formula 1, kada ka wahalar da kanka, ɗauki Lotus 49. Dukansu ina da su a kan kanta, sikeli 1:18 (wato kashi ɗaya cikin 18 na tsawon motar gaske), amma ɗaya ce kawai nake share wa ƙura kowane mako.

Lotus ɗin tawa koriya ce mai ratsin rawaya, lamba 5, irin wadda Jim Clark ya ci tseren Zandvoort na ƙasar Holan da ita a 1967, ranar da injinta ya fara shiga gasa. Injin nan kuwa shi ne dalilin da zai sa ka saya. Sunansa Cosworth DFV, silinda takwas, lita 3, ƙarfin doki kusan 400. Mike Costin da Keith Duckworth ne suka kafa kamfanin Cosworth a Ingila, Ford ya zuba fam 100,000 aka ƙera injin. Su Cosworth ba su da motar tsere, ba su da direba. Inji suke yi su sayar, shi ke nan.

Ranar da aka kawo min ita, kawuna da ya tsufa a garejin gyaran mota ya karɓa yana ta jujjuya ta. Can sai ya kira ni ya nuna min cewa babu shasi a ƙarƙashin injin. Kuma ya gano daidai: bodin ya ƙare ne a bayan kujerar direba, aka ɗaure injin a nan da noti, giyabos da tayoyin baya suka rataya a jikinsa. Injin ne ƙashin bayan motar. Har shayinsa ya huce bai ajiye ta ba, kuma tun daga ranar in ya zo gidan sai ya tambaye ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Daga 1968 aka buɗe ƙofa, duk mai fam 7,500 zai iya sayen injin ya haɗa motarsa. McLaren, Tyrrell, Brabham, March, Williams, duk sun ci tsere da shi. Ƙaramar ƙungiya mai makanikai ƙalilan sai ga ta tana ba manyan kamfanoni kashi. A 1969 da 1973 babu tseren Formula 1 ko ɗaya da ya kuɓuce masa. Ya ci tsere 155, ya ba direbobi kofin duniya sau 12, na ƙarshe Keke Rosberg a 1982.

Ferrari 312T fa? Mota ce, ba zan ci haƙƙinta ba, da ita Niki Lauda ya zama zakara a 1975. Amma injinta na Ferrari ne da kansu, mai silinda 12, kuma a tawa bodi ya rufe yawancinsa. Na yi da-na-sanin kuɗina.

Yanzu irin Cosworth babu su a gasar. Sun fita bayan 2013, da aka shigo da injinan turbo masu haɗe da lantarki a 2014 tsadar ta fi ƙarfin mai zaman kansa. McLaren ta ci kofin ƙungiyoyi a 2024 da injin Mercedes da take saya, amma a hannun abokin hamayya take sayensa. Wannan ne ke min ciwo.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wani ya taɓa nuna min hoton ta ƙarfe ya aiko min ta roba, injin dunƙule guda an shafa masa fenti. Ka ce ya yi maka bidiyo ya juya bayan motar, ka ƙirga bututun shan iska takwas a saman injin. Ka tambayi sikeli, don 1:43 ko tsawon tafin hannu ba ta kai ba, a hoto kuwa ba za ka gane ba. In ka ga mai launin ja da fari da ruwan zinare, ta 1968 ce, kada ya ce maka ita ce ta Zandvoort. Kuma kada ka tura kuɗin gaba ɗaya sai kaya sun zo hannunka.