Waya da intanet a jirgin ruwan shaƙatawa: wanne za ka biya, wanne za ka kashe?

Wayar da ke aljihunka ba ta san bambancin tudu da teku ba. Duk inda ta ji sabis sai ta kama, kuma ba ta neman izini. A jirgin ruwa na yawon shaƙatawa wannan hali nata ne ke jawo wa fasinjoji asara, domin a tafiyar mako guda za ta ci karo da hanyoyin sadarwa iri uku: sabis ɗin waya na jirgin kansa, Wi-Fi ɗin da jirgin ke sayarwa, da sabis na ƙasar da aka yada zango. Kowanne da mai shi, kowanne da lissafinsa. Mafi tsada a cikinsu kuwa shi ne wanda ke shigowa ba tare da ka saya ba.

Sabis ɗin da ke shigowa ba sallama

Manyan jirage suna ɗauke da ƙaramar tashar waya, da eriyoyi a warwatse cikin benaye, a haɗe da tauraron ɗan'adam. Idan jirgi yana tasha, a kashe take. Sai jirgi ya yi nisa da gaɓa, galibi mil 12 na teku, kusan kilomita 22 ke nan, sannan a kunna ta. Za ka gane ta da sunan da ya bayyana a saman waya: Cellular at Sea, ko Telenor Maritime, ko lambobi irin su 901-18 da 901-12. Ita 901 ba lambar wata ƙasa ba ce, an ware ta ne ga hanyoyin sadarwa na ƙasa da ƙasa irin waɗannan.

Ba jirgin ne zai caje ka ba, kamfanin layinka ne. Shi ya sa ba za ka ga komai a takardar kuɗin ɗakinka ba. Mai layin kati zai wayi gari kuɗinsa ya ƙare, mai biyan wata-wata kuwa sai ya koma gida ido ya raina fata. Ana lissafi ne da minti, da saƙo, da kowane MB. Tsarin romin (amfani da layinka a ƙasar waje) da ka saya don ƙasashen da za a je bai shafi wannan ba, saboda teku ba ta cikin jerin ƙasashe. Ko dokar Tarayyar Turai ta 2017, wadda ta bai wa masu layin ƙasashenta damar amfani da waya a sauran ƙasashen tarayyar kamar suna gida, ba ta haɗa da sabis ɗin jirgi da ke bi ta tauraron ɗan'adam ba.

Ɓarnar kuma da dare take faruwa. Ka yini kana ɗaukar hoto a gari, ka dawo ka jona waya a caji ka kwanta. Jirgi ya fita, tashar ta kunnu, waya ta kama ɗora hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar Google ko iCloud, manhajoji na sabunta kansu. Minti ɗaya na bidiyon 4K ya haura MB 150.

Kashe romin na data kawai bai wadatar ba. Kira yana iya shigowa, kuma amsawa ma da kuɗinta. A wasu layukan, ko kiran da ya faɗa akwatin saƙon murya ana cajinsa. Abin yi shi ne a danna alamar jirgin sama tun kafin a kwance igiya, sannan a kunna Wi-Fi da hannu. A tuna da agogon hannu mai layi da kwamfutar hannu mai sim, don su ma suna kamawa.

Yana da amfani? Kaɗan. Idan banki ya turo lambar tabbatarwa ta saƙon tes, sai a kashe data tukuna, a cire alamar jirgin na minti biyu, saƙo ya shigo, a mayar. Wasu kamfanonin layi suna sayar da tsari na musamman don teku, na kwana ko na tafiya gaba ɗaya. Mai son sa ya tabbatar sunan jirginsa, ba sunan kamfanin jirgin kawai ba, yana cikin jerin da tsarin ya ƙunsa.

Wi-Fi ɗin jirgi

A nan yawancin kuɗin zai tafi, don haka a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Tambayar farko: da wane irin tauraro jirgin ke aiki? Tsofaffin taurarin suna can sama, kusan kilomita 36,000. Idan ka danna shafi, buƙatarka za ta hau ta sauko, amsa ma ta hau ta sauko, tafiyar da ta kai kilomita 144,000. Ko da saurin haske, jinkirin ya kan haura rabin daƙiƙa. Shi ne abin da ke sa ku riƙa cin karo da bakin juna a kiran bidiyo, kai ka yi shiru shi ya yi shiru, sai ku fara magana tare. Taurarin O3b na kamfanin SES suna wajen kilomita 8,000, jinkirinsu ya ragu sosai. Na Starlink kuwa suna kusan kilomita 550, kuma da su kiran bidiyo yake zama kusan kamar na gida. Kamfanin jiragen shaƙatawa na Royal Caribbean ya sanar da komawa Starlink a 2022, Carnival ya bi sahu a 2023, wasu da dama suka biyo baya. Wanda ya shiga jirgi shekaru goma da suka wuce ya sha tafiyar hawainiya, ba lallai ne abin da ya gani ya zama ma'auni yau ba.

Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Hanyar guda ce, masu rabon dubbai. Ranar da jirgi ya yini a teku ba zango, kowa ya yi ca a kan intanet, musamman da hantsi da kuma bayan cin abincin dare. Sassafe, da lokacin da jama'a suka sauka gari, nan ne take gudu. Ga kuma jikin jirgin: ƙarfe ne, bango da ƙofofi duka, ƙarfe kuma yana tare sigina. Ɗaki biyu a bene ɗaya, wannan na samu, wancan sai an fito baranda ko an je zaure. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana siginar tauraro. A ƙunƙuntattun mashigan ruwa na Norway da Alaska duwatsu suna tare sararin sama. Akwai kuma ƙasashen da ba su ba Starlink lasisi ba, idan an shiga ruwansu sai jirgi ya koma kan wani tauraron mai nawa. Babu tsarin da za ka saya ya kare ka daga waɗannan.

Tsare-tsaren da ake sayarwa hawa-hawa ne. Carnival, alal misali, yana da Social da Value da Premium; MSC yana da Browse da Browse & Stream. Sunaye sun bambanta, ma'anar kusan ɗaya. Inda hawa uku ne, na ƙasa yana buɗe WhatsApp da Facebook da Instagram da makamantansu, ya toshe sauran, har imel da shafin banki. Na tsakiya yana buɗe shafuka da imel amma ya matse bidiyo. Na sama shi ne na kallo da kiran bidiyo. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen na ƙasa don araha, sai a rana ta biyu mutum ya tarar ba zai iya buɗe tikitin jirginsa na sama ba. Kafin biya, a karanta ko tsarin ya yarda da kiran murya, domin buɗe WhatsApp don rubutu daban, barin kira ya wuce daban.

Sai maganar na'urori. Kuɗin na na'ura ɗaya ne a lokaci guda. A yawancin jirage kana iya fita daga waya ka shiga da kwamfuta, don haka miji da mata da ba sa buƙatar intanet a tare suna iya yin karɓa-karɓa da tsari ɗaya. Sai dai akwai kamfanonin da ke ɗaure tsarin a kan na'urar da aka fara shiga da ita har ƙarshen tafiya. A irin wannan jirgi, kada ka gwada da wayar yaro don ganin ko yana aiki. Idan mutum biyu ne za su yi aiki tare, tsarin na'ura biyu a asusu ɗaya ya kan fi sayen biyu daban sauƙi.

Saye kafin tafiya, ta shafin kamfanin ko manhajarsa, kusan kullum ya fi saye a cikin jirgi araha. Na tafiya gaba ɗaya ya fi na awa 24 sauƙi idan an raba da kwanaki, amma wanda kwana biyu kawai yake buƙata cikin bakwai, ya ninka kuɗin awa 24 sau biyu ya kwatanta. A kuma duba tikiti tukuna: wasu kamfanoni, irin su Viking da Virgin Voyages, sun haɗa Wi-Fi na yau da kullum cikin kuɗin tafiya, wasu kuma suna cusa shi cikin ƙunshin abin sha.

Idan ka biya amma shafin shiga ya ƙi buɗewa, yawanci laifin daga wayar ne. VPN (manhajar da ke ɓoye hanyar intanet ɗinka), ko Private Relay na iPhone, ko DNS na sirri a Android, duk suna hana shafin fitowa. A kashe su, a shiga, sannan a gwada mayarwa. Idan kuma kullum sai an sake tambayarka lambar ɗaki, wayar ce ke sauya lambar shaidarta a kan Wi-Fi, jirgi yana ɗaukarta baƙuwa. Ana tsayar da wannan a saitin sunan Wi-Fi ɗin jirgin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: manhajar jirgin tana aiki a kan Wi-Fi ɗinsa ko ba ka sayi komai ba. Jadawalin rana, kama teburi, duba kuɗin da ka kashe, duk kyauta ne. Da yawa suna da wurin aika saƙo tsakanin fasinjoji, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan damuwarka ita ce neman iyali a cikin jirgi mai bene goma sha biyar, wannan ya ishe ka. Wayar tebur ta ɗaki ma kyauta ce daga ɗaki zuwa ɗaki. Kiran tudu da ita kuwa ta tauraro yake bi, sai dole.

Idan an sauka

A tudu, eSIM na tafiya, wato sim da ake girkawa a waya ta intanet ba tare da kati ba, shi ne ya fi dacewa da yawancin mutane, muddin wayar tana ɗaukarsa kuma ba a kulle ta a kan kamfani ɗaya ba. iPhone ya fara ɗauka tun daga XS na 2018. A girka shi a gida, domin girkawar tana buƙatar intanet, kuma kada a goge shi, don galibi ba ya sake girkuwa. A sayi na yanki, ba na ƙasa ɗaya ba, sannan a bi jerin zangon ɗaya bayan ɗaya. Tsarin da aka rubuta wa Turai ba lallai ya haɗa da Turkiyya ko Montenegro ba, tsibiran Karibiyan kuma kusan kowanne da nasa kamfanin. Don taswira, saƙonni da kiran mota, GB 2 zuwa 3 sun isa kwanaki biyar na zango. Lambar WhatsApp ɗinka ba ta canzawa.

A saiti, a ba eSIM aikin data, a kunna masa romin shi kaɗai, a kashe layin gida, a hana waya sauya layin data da kanta. Kusa da gaɓa kuma waya tana iya kamo ƙasar da ba ta cikin tafiyar ma: a tsibiran Girka na gabas sau da yawa sabis ɗin Turkiyya ne ke shigowa. Zaɓen kamfani da hannu yana maganin wannan. eSIM na tudu ba ya aiki a tsakiyar teku, sai wanda aka rubuta ƙarara cewa na jirgin ruwa ne.

To wanne?

Ƙirga kwanakin teku da na zango, shi ne ma'aunin. Zagayen Bahar Rum na mako guda, inda kusan kullum ana kwana a teku a wayi gari a sabon birni, eSIM da manhajar jirgi sun wadatar. A yi kira da aike-aike da rana a gari. Tsallaka Atlantika daga Southampton zuwa New York, dare bakwai ba zango, eSIM ba shi da aikin yi, sai Wi-Fi ko haƙuri. Mai aikin ofis da taron bidiyo ya sayi tsarin sama, ya tambaya ko jirgin yana barin VPN, kuma kada ya sa muhimmin taro a ranar teku da hantsi. Zoom ba ya cin hanya da yawa, abin da yake so shi ne kada ta yanke. Jiragen kogi labarinsu daban: suna kusa da gaɓa koyaushe, eSIM yana aiki kusan duk tsawon hanya.

Kafin barin gida a sauke fina-finai da taswirar biranen zango. Netflix yana cin kusan GB 1 a awa a inganci na yau da kullum, har zuwa GB 3 a HD, bai kamata a ɗora wa tauraro wannan ba. A kunna kiran Wi-Fi tun a gida idan kamfanin layi yana bayarwa a waje, domin da shi kira da saƙon tes suna iya shigowa alhali waya na kan alamar jirgin sama. Kada a ɗauko rauta ta tafiya (na'urar raba Wi-Fi) ko farantin Starlink na kai: kamfanoni da dama sun hana, ana ƙwacewa a wurin bincike, haka ma doguwar soket mai kariyar ƙarfin wuta.

Akwai kuma agogo. Jirgi yana da lokacinsa, wanda ba kullum yake daidai da na garin da aka sauka ba. Waya kuwa da ta kama sabis ɗin tudu za ta koma lokacin garin, da ta kama na jirgi kuma tana iya komawa wani lokacin daban. Lokacin dawowa da aka rubuta a bakin tsani na jirgi ne, kuma ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa. A kashe saitin lokaci na kai-tsaye, a daidaita da agogon jirgi da hannu, a sake dubawa duk safiyar da aka sanar an matsar da awa.