GARGAƊI GA MASU DAWAKI: KU KIYAYI MAI SAYAR DA "FESHIN DUBAI"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu barga, da muraye, da duk mai doki ko da guda ɗaya ne a turke. Dan Allah ku karanta har ƙarshe sannan ku tura wa wanda ba ya nan.

Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp tun da ruwa ya sauka, yana tallan wani maganin feshi wai daga Dubai ya shigo da shi, wai fesawa ɗaya doki zai yi wata 3 ƙuda bai sauka a kansa ba, ba sauro, ba bobuwa, ba ƙyashi, ba kaska. Yana sa bidiyon dawakan hawan sallah waɗanda ba nasa ba, yana cewa fada kaza da 'yan folo kaza duk wurinsa suke saye. Sai ka tura rabin kuɗi tukun ya sa maka a mota ta tasha, direba ya karɓi ciko. Ban kama sunan shafi ba saboda canzawa yake yi, yau barga kaza gobe kamfani kaza, lamba ma haka, abin da ba ya canzawa shi ne kalaman tallar da kuma kwalbar.

Kwalbar na riƙe ta da hannuna. Farar roba ce irin ta rabin lita, an manna mata sitika mai hoton ingarma da rubutun Larabci, babu lambar NAFDAC, babu ranar da aka yi shi balle ranar lalacewa, babu sunan sinadarin da ke ciki. Kana buɗe murfin warin kananzir ne zai fara dukan hancinka, sai warin fiya-fiya a ƙarƙashi, an zuba turare a kai don a ɓoye amma bai ɓoyu ba.

Wani dattijo a unguwarmu ya saya wa akawal ɗinsa, doki mai lafiya wanda ake fita kilisa da shi kullum la'asar, murin, wato yaron da ke kula da dokin, ya fesa masa daga wuya har gindin wutsiya kamar yadda aka ce a yi, to kafin isha dokin nan ya jiƙe sharkaf da gumi, yawu na dalala, naman kafaɗarsa na rawa, yana kwanciya yana tashi yana waiwayen cikinsa. Allah Ya sa likitan dabbobi na kusa, ya ce a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa nan take, ya yi masa allura, ya kuma ce waɗannan alamun na gubar ƙwari ce dangin fiya-fiya. Dokin ya tashi alhamdulillah, amma gashin bayansa ya zube inda kananzir ya ƙona fatar, shi ma yaron da ya yi feshin ya kwana da ciwon kai da amai. Da aka kira mai maganin cewa ya yi wai an fesa da yawa ne, daga nan ya yi bulokin.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. Yana gaya wa mutane wai in kana da feshinsa ba ka buƙatar allurar rigakafin cutar dawaki ta damina. Wallahi wannan maganar ta fi kwalbar haɗari. Duk wanda ya daɗe da doki ya san cutar nan, zazzaɓi mai zafi, ramin saman ido ya kumbura ya cika, kai da wuya su kumbura, numfashi ya gagara, ƙarshe kumfa ta riƙa fita ta hanci. Ƙyashi ne ke ɗauko ta daga wata dabba ya kai wa wata, ba a ɗauka ta cin harawa tare ko shan ruwa a kwatarniya ɗaya, jaki ma yana iya ɗauke da ita ba ta kayar da shi ba. Idan mai kama huhu ce, cikin dawaki 10 sai 9 su tafi, kuma ba ta da magani in ta kama, sai jinya da addu'a. Cutar iri 9 ce, shi ya sa zancen rigakafi na likita ne, shi zai faɗa maka wacce za a yi da lokacin yin ta, kafin damina ake so. Bobuwa kuma ban da jinin da take sha tana iya yaɗa cutar sammore.

Kuma babu feshin da ke wata 3 a jikin doki, ko na gaskiyar. Masu sinadarin kashe ƙwari na permethrin ko cypermethrin da aka yi don dawaki gumi da ruwan sama na wanke su, sai an maimaita yadda aka rubuta a jiki. Sannan dan Allah kar wani ya ce bari ya ɗauko na wankan shanu, duk wanda aka rubuta amitraz a jikinsa ba na doki ba ne, yana tsayar masa da hanji, an sha rasa dawaki a haka.

Kariyar da ke aiki ba ta da tsada sai dai wahala. Ƙyashi da magariba yake fitowa da kuma asuba, don haka doki ya shiga barga kafin rana ta faɗi, kar a fito da shi sai ta ɗaga sosai. Taga a sa mata raga mai ƙananan ƙofofi, don gidan sauro na kasuwa ƙyashi ratsa shi yake, ƙanƙantarsa bai wuce kan allura ba. Mai halin fanka ya sa, ƙyashi ba ya iya tashi cikin iska. Kashin doki a kwashe kullum a kai nesa, inda ruwan sha ke zuba ya yi taɓo a cike da yashi, a irin wannan danshin ƙyashi yake ƙyanƙyasa. Hayaƙin da iyayenmu ke turarawa da yamma yana ragewa, a dai bar wa dokin hanyar iska.

Wanda ya riga ya saya kar ya fesa, kar ya zubar a kwata, kar kuma ya ajiye inda yara ko kaji za su kai. Ya ɗaure kwalbar a leda, ya ɗauki hoton hirarsu da shaidar tura kuɗi da lambar akawun, ya kai asibitin dabbobi na gwamnati ko ofishin NAFDAC na jiharsa. Wanda kuma ya riga ya fesa ya ga doki na gumi ko dalalar da yawu, ya sa safar hannu ko leda ya wanke shi da sabulu yanzu yanzu, wani kuma ya kira likita, kar a tsaya ɗura masa manja ko madara don zai iya shaƙewa.