Wata takwas da FreeRTOS a kan STM32F407: batun fifikon katsewa

Wata takwas ke nan ina amfani da FreeRTOS, wata ƙaramar manhaja mai raba wa ayyuka lokaci a cikin ƙananan na'urori, a kan allon STM32F407 mai ɗauke da ƙwaƙwalwar Cortex-M4, cikin wata na'ura da ke sarrafa gudun injin lantarki, tana kuma karɓar umarni ta UART, hanyar aika bayanai ta waya harafi bayan harafi. Na zaɓi FreeRTOS don ba shi da nauyi, ga shi kyauta. Tun da Amazon ta karɓi ragamarsa a 2017 yake ƙarƙashin lasisin MIT. Kafa ayyuka da layukan saƙo bai ci mini kwana biyu ba. Inda na daɗe shi ne jera fifikon katsewa, wato wane kira daga kayan na'ura ne ke da ikon tsayar da wani.

Lissafi biyu ne a nan, kuma sun juya wa juna baya. A ayyukan FreeRTOS, mai babbar lamba shi ne gaba. A NVIC, sashen Cortex-M4 mai kula da katsewa, kuwa, 0 ce babba, 15 ce auta, domin bit huɗu kacal STM32 ke amfani da su, matakai 16 ke nan. A tsakiyarsu akwai wata iyaka, configMAX_SYSCALL_INTERRUPT_PRIORITY, wadda a nawa tsarin take kan mataki na 5. Katsewar da ke tsakanin 5 da 15 tana iya kiran umarnan FreeRTOS da sunansu ya ƙare da FromISR, wato waɗanda aka tanada don kira daga cikin katsewa. Wadda ke 0 zuwa 4 kuwa FreeRTOS ba ya taɓa toshe ta, amma ita ma ba ta da izinin kiransa ko sau ɗaya.

A nan na yi tuntuɓe, kuma sakacin nawa ne. Na ƙara katsewar UART da hannu, na manta ban ba ta lamba ba, alhali duk katsewar da ba a saita ba a kan 0 take tashi. A cikinta nake kiran xQueueSendFromISR, umarnin FreeRTOS na saka saƙo a layi. Na'urar sai ta yi awanni tana aiki lafiya lau, can kuma ta ƙame, ƙaramar fitilar allon ta daina ƙyaftawa. Kwana uku ina zargin wayoyi da wutar da ke shiga allon. Da na kunna configASSERT, abin da ke tsayar da shirin idan ya gano kuskure, harafin farko da ya shigo ta UART ya tsayar da komai a cikin port.c, ɗaya daga fayilolin FreeRTOS, kuma daidai saman layin ga bayani a rubuce yana faɗin abin da na yi. Wallahi wannan bayanin ya ƙara mini ganin girman waɗanda suka rubuta shi.

Da na gyara, sai na ga amfanin iyakar. Katsewar da ke kashe injin idan wuta ta yi yawa na ɗora ta a mataki na 2. Ba ta kiran kowa, kashe PWM, siginar da ke tafiyar da injin, kawai take yi ta fita. Tunda FreeRTOS da rijistar BASEPRI, mai toshe katsewar da ba ta wuce iyakar ba kawai, yake kare muhimman sassansa, ba ya rufe katsewa gaba ɗaya, wannan ba ta jiran sa. Cortex-M4 na shiga katsewa cikin zagayen agogo 12, kuma a gudun MHz 168 hakan bai kai kashi ɗaya cikin goma na mikirosakan ba. UART ta koma 6, SysTick da PendSV, katsewar da FreeRTOS ke ƙirga lokaci da sauya ayyuka da su, suna can ƙasa a 15.

Abu biyu ne har yanzu suke buƙatar natsuwa. Dole a bai wa fifikon tsayarwa duka bit huɗun, kada a raba su da ƙaramin fifiko. Sannan 5 ɗin nan a cikin rijista 80 ce, saboda bit na sama ake karantawa. Umarnin NVIC_SetPriority na tura lambar zuwa bit na sama da kansa, amma a fayil ɗin saiti, FreeRTOSConfig.h, sai mutum ya duba wace yake rubutawa, 5 ko 80.

Aikina na gaba a kan Cortex-M0+ ne, kuma da FreeRTOS zan sake tafiya. Sai dai can babu BASEPRI, ana rufe katsewa duka ne, don haka kariyar injin sai na sake auna ta tun daga farko.