Manhajar Flightradar24 a hannun direban filin jirgi

Sana'ata ɗauko baƙi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, don haka sanin lokacin saukar jirgi shi ne rabin aikina. Flightradar24, manhajar da ke nuna jiragen da ke sama a kan taswira, nake amfani da ita, ta kyautar ma, kuma ta rage mini zaman jira da kuɗin fakin sosai. Ina zaune a Lugbe zan ga jirgin Legas ya fara gangarowa, sai in tada mota.

Abin da ya sa na yarda da ita shi ne, in ka taɓa hoton jirgi, takan nuna maka ta wace hanya aka gano inda yake. Yawanci ADS-B za ka gani, wato jirgin ne da kansa yake faɗin wurinsa daga GPS ɗinsa. Wani lokaci kuma MLAT, kuma wannan ce ta fi ba ni sha'awa. Akwai jiragen da ba sa faɗin inda suke, musamman tsofaffi, sigina kawai suke fitarwa. Na'urorin karɓa da aka kafa a ƙasa, waɗanda an san mazaunin kowace daidai, duk za su ji siginar nan, amma ba lokaci guda ba, kamar yadda na kusa da masallaci yake riga na nesa jin kiran salla. Sigina na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ke nan bambancin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa tazarar mita 300 ce. Da wannan ɗan bambanci kwamfuta take lissafo wurin jirgin, muddin na'urori huɗu ko fiye sun ji shi. Ikon Allah!

Sai dai a san iyakar MLAT. Jirgi na yin ƙasa, duwatsu da lanƙwasar doron ƙasa su tare sigina, masu jinsa su gaza huɗu, sai ya fita daga taswira. Wata Hajiya da nake ɗauko wa ɗanta ta kira ni murya na rawa: "Malam, jirgin ya ɓace!" Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sauka yake yi." Ba a jima ba yaron ya fito yana jan akwati.

Maganin wannan yana hannunmu, domin yawancin na'urorin masu sa kai ne suke kafa su a rufin gidajensu. Kamfanin, wanda ke ƙasar Suwidin, yakan ba da na'ura kyauta a wuraren da ake da ƙarancinta, ga mai wuta da intanet da ba sa yankewa. Masu sola a Abuja za su iya. Mutanen Jos kuwa sun fi kowa dacewa, garinsu na bisa tsaunin da ya kai mita 1,200, eriyarsu za ta jiyo jirage daga nesa ƙwarai.