Kafson kurkum da man kifi, ko gyaran abinci: wanne ya fi rage kumburin da ya daɗe a jiki?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce an yi miki gwajin jini na CRP, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan akwai kumburi a jiki, sakamakon ya ɗan haura 3, likita ya duba bai ga wata cuta da ta kama ki ba, sai ya ce akwai kumburi mai naci a jiki, ki gyara abinci. Wata kuma ta ce ki huta da wannan wahala, ki sayi kafson kurkum da na man kifi. Kina son a jera miki hanyoyin biyu gefe da gefe. Ra'ayina tun daga farko shi ne gyaran abinci ya fi, kuma da tazara mai yawa. Kafson yana da wurinsa, sai dai wurin bai kai girman da masu tallarsa ke nunawa ba.

Kumburin da ake nufi a nan daban yake da wanda ake gani idan mutum ya yanke, wurin ya yi ja ya ɗau zafi. Wancan garkuwar jiki ce a bakin aiki, kwana kaɗan ya wuce. Wannan kuwa garkuwar ce ta ƙi kwanciya, tana ta fitar da sinadaran faɗa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Ɗaya daga cikinsu, IL-6, shi ne ke sa hanta ta ƙera CRP ɗin da aka auna miki. A gwajin da ake yi don auna haɗarin ciwon zuciya, ƙasa da miligiram 1 a kowace lita ana ɗaukarsa ƙasa, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 ya hau. Idan ya wuce 10, yawanci wata cuta ce ta lokacin, kuma akan maimaita gwajin bayan an warke. Lamarin ba na wasa ba ne: a 2017 binciken CANTOS, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya, ya nuna cewa maganin da ke kwantar da kumburi kaɗai, ba tare da ya rage kitsen jini ba, ya rage sake faruwar matsalar zuciya da kusan kashi 15 cikin ɗari.

To, mu fara da hujja, don nan ne hanyoyin biyu suka fi rabuwa.

A ɓangaren abinci, babban abin dogaro shi ne binciken PREDIMED na ƙasar Sifaniya. Mutum 7,447 ne, masu shekara 55 zuwa 80, dukkansu cikin haɗarin ciwon zuciya. An raba su uku. Kashi biyu an ɗora su kan tsarin cin abincin mutanen gaɓar Bahar Rum, wato ganye da kayan lambu da yawa, wake da danginsa, kifi, 'ya'yan itace, jan nama kaɗan. Kashi ɗaya daga cikin biyun an ƙara musu tataccen man zaitun, ɗayan kuma giram 30 na 'ya'yan itace masu ɓawo irin su almon da walnat kowace rana. Kashi na uku an ba su shawarar rage mai kawai. Bayan kusan shekara 5, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a kashi biyun farko. An gano kurakurai a yadda aka raba wasu daga cikin mutanen, har aka janye rahoton 2013 aka sake fitar da shi a 2018 bayan gyara, kuma sakamakon bai sauya sosai ba. Tun a watanni 3 na farko ma an ga CRP ya sauka a waɗanda aka ba man zaitun. Abin da ya sa nake ba wannan bincike nauyi shi ne bai tsaya a kan lambar gwaji ba, ya ƙirga waɗanda suka kwanta ciwo da waɗanda suka tsira.

A ɓangaren man kifi na kafso, labarin a gauraye yake. Binciken VITAL na Amurka ya ba mutum 25,871 ko dai giram 1 na man kifi a rana ko kafso na bogi, na fiye da shekara 5, kuma a 2018 aka ga bai rage jimillar manyan matsalolin zuciya yadda za a dogara da shi ba. A shekarar dai, wani binciken mai suna REDUCE-IT ya samu raguwar kashi 25 cikin ɗari, amma da giram 4 a rana na wani tataccen nau'i da likita ke rubutawa, ga masu yawan kitsen tiraigilisarid da suke kan maganin kolestarol. Bayan shekara biyu, binciken STRENGTH ya gwada wani nau'in a giram 4 bai ga amfani ba. Inda man kifi ya fi nuna kansa shi ne amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa: kusan giram 3 na sinadarinsa mai aiki, omega-3, a rana na wata uku yana rage sanƙarewar safe da ciwo ga wasu. Idan wannan ne ke damun mutum, maganar kafso tana da ma'ana, tare da maganin asibiti.

Kurkum kuwa, sinadarinsa mai aiki, kurkumin, bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari na garin ba, kuma hanji ba ya tsotse shi da kyau, ɗan abin da ya shiga hanta ta yi maza ta fitar. A kwalbar gwaji yana kashe kumburi sosai, shi ya sa sunansa ya yi tashe. A jikin mutum, akwai gwaje-gwajen da suka nuna saukar CRP da sauƙin ciwon gwiwa, amma yawancinsu na mutane kaɗan ne, na makonni ko 'yan watanni. Ba a yi masa gwaji mai girman PREDIMED ba.

Akwai dalilin da ya sa abinci ke yin abin da kafso ya kasa. Kumburi mai naci kafofinsa da yawa, kafso kuma kafa ɗaya yake toshewa, kamar mai rufin ɗaki da ke yoyo ta wuri biyar ya je ya liƙe ɗaya. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, shi kansa yana fitar da IL-6, don haka duk wanda tumbinsa ya ragu yawanci CRP ɗinsa ma yana raguwa. Faiba, wato zaren da ke cikin wake da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba, ita ce abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke babban hanji. Su ke mayar da ita wani sinadari da ake kira butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji ya kuma kwantar da garkuwa. Kifi mai maiƙo irin sardin da salmon yana ba da omega-3, wanda jiki ke ƙera sinadaran kashe wutar kumburi da shi. Sannan akwai abin da mutane kan manta: duk lomar wake da kika ci ta maye gurbin wata loma ce da da za ki ci. Kafso ba ya maye gurbin komai. Mai shan lemon kwalba biyu a rana da ya ƙara kurkum a kai, lemon yana nan yana aikinsa.

Kuma tarihi ya riga ya gargaɗe mu game da cire sinadari ɗaya daga abinci a dunƙule shi a ƙwaya. An lura masu cin karas da ganye da yawa ba su cika samun sankarar huhu ba, sai aka zaci beta-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, shi ne sirrin. Da aka ba masu shan taba fiye da 29,000 a Finlan, sakamakon 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a waɗanda suka sha ƙwayar. Karas ɗin kansa bai taɓa yin wannan ɓarna ba.

Wannan ya kawo mu ga haɗari, wanda ni a nan ne hankalina ya fi tashi, saboda mutane na jin "daga tsiro aka yi shi" sai su saki jiki. Kurkum a cikin girki ba shi da matsala. Kafson da aka tattara kurkumin a ciki, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro don ya ninka shigarsa jini, wani abu ne daban. An samu mutanen da hantarsu ta kumbura saboda shi a Italiya a 2019, likitocin Amurka sun ba da rahoton irin haka, hukumar magunguna ta Ostireliya ma ta yi gargaɗi a 2023. Ba kowa yake samu ba, amma ga wanda ya sha don ya kashe kumburi, ƙarewa da kumburin hanta babbar asara ce. Yana kuma iya ƙara ƙarfin magungunan tsinka jini irin warfarin, kuma mai tsakuwar matsarmama ya kamata ya kiyaye shi. Man kifi mai yawa shi ma an ga yana ƙara haɗarin rikicewar bugawar zuciya. Ƙari a kan haka, a ƙasashe da dama, har da Amurka tun dokar 1994, ba a buƙatar kamfani ya tabbatar kafsonsa yana aiki kafin ya sa shi kasuwa.

Abinci ma ba a rasa abin lura. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara wake da 'ya'yan itace sai ya tambayi likita, saboda fotasiyam. Mai shan warfarin ya riƙe adadin ganyen da yake ci bai-ɗaya, kada yau tuli gobe babu. Mai juna biyu ta guji manyan kifayen teku masu tara makuri, wani ƙarfe mai guba. Wake kuma a ƙara shi a hankali, in ba haka ba kumburin ciki da iska su sa mutum ya tuba a mako na farko.

Inda kafso ya yi nasara babu gardama shi ne sauƙi. Haɗiya ɗaya da ruwa an gama. Gyaran abinci yana son cefane da girki da shawo kan mutanen gida, kuma sai an yi watanni kafin gwaji ya nuna. Na san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda aiki ya yi wa yawa. Shi ya sa nake ganin kada ki ɗauko komai lokaci guda. Fara da abin sha mai zaƙi, don shi ne ya fi saurin biya: gwangwanin lemo na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, wato kusan giram 50 ga babban mutum. Daga nan ki rage naman da aka sarrafa irin tsiran gwangwani, da kayan fulawa na kanti, da man da aka yi ta maimaita suya da shi. Sai ki cike gurbin: kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400 a rana, faiba aƙalla giram 25, kifi sau biyu a mako, wake sau da yawa, ɗan dintsin gyaɗa ko almon marar gishiri. Yogot marar sukari ma ya cancanci wuri. A 2021 masu bincike a jami'ar Stanford sun ɗora mutum 36 kan ko dai abinci mai faiba ko abincin da aka tsima irin yogot na mako 10, kuma a masu cin tsimammen ne aka ga sinadaran kumburi 19 sun sauka. Ƙaramin bincike ne, amma ya dace da abin da aka sani game da hanji.

Wata magana a gefe, tunda na tabbata za ki ci karo da ita: masu cewa a daina tumatir da tattasai, ko alkama, ko madara, ko duk man girki na tsirrai, wai su ne tushen kumburi. Wanda ke da cutar siliyak, wadda alkama ke sa garkuwar jiki ta lalata hanji, kusan mutum 1 cikin 100, dole ya bar alkama, haka wanda aka tabbatar jikinsa ba ya karɓar wani abinci. Ga sauran mutane, babu hujja mai ƙarfi, kuma gwaje-gwajen da aka ƙara wa mutane man tsirrai mai nau'in maiƙon da ake kira omega-6 ba su nuna CRP ya hau ba. Yawan haramta wa kai abinci yakan ƙare da ƙarancin faiba, abin da ake nema a ƙara.

Ki kuma tuna CRP ba ya faɗin daga ina kumburin ya fito. Hayaƙin taba, ko da na wani ne kike shaƙa, ƙarancin barci, ciwon dasashi da aka yi sakaci da shi, rashin motsa jiki, har da wasu magungunan tsarin iyali na haɗiya, duk suna iya ɗaga shi. Idan ɗaya daga cikinsu ne, abinci zai taimaka amma ba zai gama aikin shi kaɗai ba.

Da ni ce ke, zan ba gyaran abinci wata uku, in haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako, in auna ƙuguna yau in sake aunawa a ƙarshe, sannan in koma a maimaita gwajin a ranar da ba ni da mura ko wani ciwo. Kurkum ki ci gaba da zuba shi a tukunya yadda kike so. Idan kifi ba ya shiga bakinki sam, ko gaɓoɓinki na sanƙarewa da safe, ki kai wa likitan maganar man kifi, ki tafi da jerin duk magungunan da kike sha, shi ya faɗa miki nau'i da adadi.