Maganin fitsarin kwance: Desmopressin ya cancanci kuɗinsa?

Kafin a zaro ko sisi, a duba shekarun yaron. Ƙasa da shekara 5 fitsarin kwance ba ciwo ba ne. Kusan 15 cikin 100 na 'yan shekara 5 suna yi, kuma duk shekara kusan 15 cikin 100 na masu yin suna dainawa da kansu.

Desmopressin, wanda ake sayarwa da sunan Minirin, kwaikwayon wani sinadari ne da jiki ke fitarwa da dare don ƙoda ta rage tace fitsari. Ana farawa da ƙwayar miligiram 0.2 lokacin kwanciya. In ba a ga canji ba cikin mako ɗaya zuwa biyu, likita ya kai shi 0.4. Mai narkewa a ƙarƙashin harshe kuwa daga maikrogiram 120 ne zuwa 240. Yana da saurin aiki, wani yaron tun daren farko za a ga shimfiɗarsa a bushe. Kusan 3 cikin 10 suna dainawa ɗungurungum muddin suna sha, wasu abin ya ragu, wasu ko gezau.

Inda gizo ke saƙar shi ne, maganin ba ya warkarwa. Tamkar gidan haya yake: ranar da aka daina biya, yawancin yara sai su koma ruwa. Lissafin mai sauƙi ne. Ƙwaya ɗaya kullum, 90 ke nan a wata uku, in an ninka 180, kuma daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Bayan wata uku ana tsayawa na mako guda a gani ko yaron ya daina da kansa. Iyaye da yawa ba sa yin wannan, sai su yi ta saye alhali wataƙila buƙata ta wuce.

Dokar ruwa ita ce ba a wasa da ita. Daga awa ɗaya kafin shan ƙwayar har awa takwas bayanta, kurɓa kawai. In yaro ya ɗirki ruwa, jiki zai riƙe shi, gishirin jini ya faɗi, sai ciwon kai, amai, har jijjiga. Saboda wannan haɗarin ne hukumar magunguna ta Amurka ta janye amincewa da na fesawa a hanci don fitsarin kwance a 2007. Daren da yaro ke amai ko gudawa, kada a ba shi. A watan Afrilu, da zafi ke tada yaro neman randa tsakar dare, kiyaye wannan doka aiki ne ja. Mai sikila kuwa, wanda fitsarin kwance ya yi yawa a cikinsu don ƙodarsu ba ta iya tattara fitsari, rage masa ruwa na iya tada ciwon. Nasa sai likitansa.

Wani maganin da ake bayarwa don fitsarin kwance, Imipramine, ya fi araha nesa ba kusa ba. Miligiram 25 ake ba ɗan shekara 6 zuwa 8, ba a wuce wata uku ba tare da sake ganin likita ba, kuma a hankali ake janye shi. Shi ma ana komawa bayan an daina. Abin tsoronsa, in ƙaramin ƙane ya samu kwalbar ya haɗiye ƙwayoyi, yana rikita bugun zuciya har ya kashe. A gidan da yara suka yi yawa ba ma ba da shawararsa, komai arharsa.

Ƙararrawar da ake maƙalawa a wando ta fi su riba in aka duba nesa. Sau ɗaya ake saye, sai batir. Ɗigon farko ta yi ƙara, a tashi yaron ya ƙarasa a bayi. Kusan kashi biyu cikin uku suna dainawa, kuma komawa ba ta kai ta ƙwaya ba. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a 2010 ta sa ta a gaba. Amma tana cin wata biyu zuwa uku, har a samu dare 14 a jere ba fitsari, kuma a makonnin farko uwa ko uba ne ke tashi, don yaron ba ya jin ta. A ɗakin da yara biyar ke kwana kan tabarma ɗaya, kowa zai farka ban da mai fitsarin.

Don haka Desmopressin ya ci kuɗinsa ga ɗan makarantar kwana, ko mai zuwa hutu gidan kaka, ko gidan da ƙararrawa ba za ta yiwu ba. A gwada shi a gida kafin tafiyar.

Kuɗin da aka fi asara shi ne na sayen magani a kyamis ba a yi gwajin fitsari ba. Yaron da ya daina wata shida sannan ya dawo, ko mai yawan ƙishirwa da rama, ko mai jini a ƙarshen fitsari, a nemi ciwon suga, ƙwayoyin cuta a mafitsara da tsargiya. Taurin bayan gida ma yana danne mafitsara ya hana ƙwayar aiki, minshari mai ƙarfi ma yana iya jawo fitsarin kwance. A fara gyara waɗannan, a kuma ajiye bulala, don yaron barci yake lokacin da abin ke faruwa.