Buji na nikel, na filatinam ko na iridiyam: wanne ya dace da Golf GTI a Damagaram?

Malam, ka yi tambaya a kan Golf 5 GTI ɗinka da ka sayo daga Kwatano, wadda ka ce lafiya lau take tafiya a cikin gari amma tana fizga da zarar ka hau hanyar Mirriya ka taka ta sosai, kuma mai sayar da kayan mota ya jera maka buji iri uku, na nikel da na filatinam da na iridiyam, ka rasa na ɗauka. A ganina lambar da ke rubuce a jikin tangaran ɗin bujin ta fi ƙarfen da ke bakinsa muhimmanci, sai dai bari mu fara da ƙarfen, tunda a kansa mai shago yake yanka kuɗi.

Na nikel shi ne wanda makanikai ke kira na jan ƙarfe, domin jan ƙarfe ne a cikinsa, amma tsinken da ke fitar da tartsatsi nikel ne, kaurinsa wajen milimita 2.5. Yana da araha, kuma idan sabo ne wutarsa ba ta da laifi. Matsalarsa ita ce saurin cinyewa: nikel yana narkewa a digiri 1,455, filatinam sai a 1,768, iridiyam kuwa sai ya kai 2,446. Duk lokacin da tartsatsi ya tashi yakan ɗan ci bakin tsinken, ratar da ke tsakanin ƙarafan biyu ta yi ta buɗewa, shi ya sa ba a so na nikel ya wuce kilomita 20,000 zuwa 30,000, kuma a inji mai turbo yakan gaji tun kafin nan. A Starlet ko tsohuwar Corolla ba zan hana kowa sa shi ba. A motarka kuwa, inji ne mai lita 2 da ƙarfin doki 200, kuma turbo yana danna iska cikin silinda da ƙarfi, ita kuwa wuta tana shan wuyar tsallaka rata idan iskar a matse take. Wannan ne ya sa bujin da ya ci baki yake aiki a cikin gari, amma ya kasa daidai lokacin da ka ba mota wuta a kan hanya.

Tsakanin filatinam da iridiyam bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tsinken iridiyam siriri ne, milimita 0.6 a Iridium IX na kamfanin NGK, 0.4 a Iridium Power na kamfanin Denso, kamar allura a gefen ƙusa idan ka ajiye shi kusa da na nikel, kuma siririn baki ba ya buƙatar wuta mai yawa daga bobin, wato na'urar da ke ba buji wuta, kafin ya tartsa. Wannan fa'ida ce ta gaskiya, amma ba ya ƙara wa lafiyayyen inji doki ko ɗaya da za ka ji a ƙafarka. Wanda ya ce motarsa ta ƙara gudu bayan ya sa iridiyam, mataccen buji ya cire, kuma da sabon filatinam ya sa, da haka zai ji. Akwai kuma abin da masu shago ba su cika faɗa ba: Iridium IX a tsinken tsakiya kaɗai yake da iridiyam, lanƙwasasshen ƙarfen gefe nikel ne, alhali PFR7S8EG na NGK, wanda ake sa wa wannan inji, yana da filatinam a ɓangarorin biyu, don haka ratarsa takan daɗe ba ta canja ba. 

Dubi lambar nan ta PFR7S8EG da kyau. Bakwai ɗin da ke cikinta ma'aunin zafi ne, takwas ɗin kuma rata ce ta milimita 0.8. Bakin buji yana bukatar ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya ƙone baƙin hayaƙin da ke manne masa, amma idan ya haura 800 da wani abu sai ya riƙa kunna mai tun tartsatsi bai tashi ba, abin da ke iya huda fistin. A NGK da Denso babbar lamba tana nufin buji mai saurin sauke zafi, a Bosch kuma akasin haka ne, saboda haka 7 na NGK ba ɗaya yake da 7 na Bosch ba. A Denso 22 ne daidai da 7 na NGK. Mu da muke tuƙi a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, wani lokaci da man kwalba na bakin hanya wanda ba wanda ya san ingancinsa, a motar da aka ƙera don mai na lamba 98 a ma'aunin ingancin fetur, sa mata iridiyam na NGK mai lamba 5 ko 6 don kawai zarensa ya shiga ramin ganganci ne da zai iya cinye inji. Kafin ka saya, ɗaga shimfiɗar but ka karanta takardar da ke manne kusa da tayar sifiya, za ka ga lambar injin, irin su AXX ko BWA, da ita za a duba bujin da ya dace.

Don haka ni PFR7S8EG zan ba ka shawara, guda huɗu lokaci ɗaya. Idan an taɓa kwamfutar motar an ƙara mata ƙarfi, a nan ne iridiyam irin BKR7EIX yake da hujja. Abin da ya fi damuna shi ne jabu, domin kwalin iridiyam mai kuɗin nikel ya cika kasuwa. Fito da shi daga kwali ka duba a hasken rana: rubutun tangaran ya fita tsaf, zoben da ke gindin zaren ba ya zamewa ya fita, tsinken kuma siriri ne a tsakiya sosai, ba a karkace ba. Nikel na asali mai lamba 7 da za ka canja da wuri ya fi iridiyam na jabu.

Ka tsaya a garaji lokacin ɗauri. A bar inji ya huce, a hure ƙurar da ta taru a ramukan kafin a kwance tsofaffin, domin ƙurar hunturu da ta faɗa silinda ba ta fita ba tare da ɓarna ba. Kada a buga bakin sabon buji a kan ƙarfe don gyara rata, kada a shafa wa zarensa giris, a fara murza shi da hannu sannan a ɗaure da ƙarfin Nm 25 zuwa 30 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), tunda kan injin alminiyam ne. Ka karɓi tsofaffin ka jera su bisa tsarin silindarsu: mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, mai baƙin toka yana nuna mai ya yi yawa ko filtar iska ta toshe, wanda ya jiƙe da baƙin mai ta sama kuma robar murfin inji ce ke yoyo. Idan fizgar ba ta daina ba bayan an canja, a musanya bobin ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta a sake sa na'urar bincike, domin a wannan inji kowane buji da bobin ɗinsa, kuma idan laifin ya bi bobin zuwa sabuwar silindar, shi za a saya.